Yadda Girkanci da Latin Suka Zama Ƙofar Mulki a Ingila

Har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɗalibi ba ya samun digiri a Oxford ko Cambridge sai ya ci jarrabawar Girkanci da Latin, ko da lissafi ya zo karantawa. Cambridge ta janye sharaɗin Girkanci a 1919, Oxford ta bi sahu a 1920, shi kuwa Latin sai wajen 1960 aka sauke wa kowa shi. Harsuna biyu da babu mai ciniki da su a kasuwa sun yi wannan dogon zamani ne saboda wani aiki da suke yi wa masu mulki, wato tankaɗe da rairaya wajen zaɓen waɗanda za a miƙa wa ragama. Ƙaunar mutanen da tana nan, amma ba ita ta riƙe su ba.

Dubi yadda karatun digirin Girkanci da Latin yake a Oxford a wancan zamani. Shekara huɗu ake yi. Zango biyar na farko harshe ne da waƙa: Homa, Birjil, da juya rubutun Turanci zuwa Latin ba tare da kuskuren nahawu ba. Sauran zango bakwai tarihi ne da falsafa, inda ake zama da Tusididis da Tasitus, da littafin Aflatun kan tsarin ƙasa da na Aristo kan ɗabi'a. Kowane mako ɗalibi zai rubuta maƙala, ya je ɗakin malaminsa ya karanta masa da baki, malamin yana tare shi jimla bayan jimla yana neman hujja. Horo ne mai kyau, wannan ba a musu. Sai dai mai iya ɗaukarsa shi ne yaron da aka fara wa Latin tun yana ƙarami a makarantun kwana masu tsada irin su Eton da Rugby, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ɗan ma'aikacin masaƙa a Manchester an rufe masa ƙofa tun bai san da ita ba.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin makin jarrabawa. A 1854 kwamitin da ɗan siyasar Ingila Macaulay ya jagoranta, wanda Benjamin Jowett na kwalejin Balliol yake ciki, ya tsara jarrabawar ɗaukar manyan jami'an mulkin Indiya. An ba Girkanci maki 750, Latin 750, amma Larabci da Sanskirit kowanne 375. Wato wanda za a tura ya yi shari'a tsakanin Musulmi da Hindu, an fi saka masa a kan sanin Rum ta da fiye da sanin harsunan da dokokin mutanen suke ciki. Su kansu masu mulkin a madubin Rumawa suke kallon kansu. Lord Cromer, wanda ya juya Masar sama da shekara ashirin, ya wallafa littafi a 1910 yana auna mulkin mallakar Ingila da na Rum, kuma asalinsa jawabi ne da ya yi a matsayin shugaban ƙungiyar masu nazarin Girkanci da Latin.

Masu kare tsarin suna cewa nahawu mai wuya yana wasa ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya warware jimlar Tusididis ba zai gaza da takardar ofis ba. Ko an yarda da haka, ai nahawun Larabci ma ba wasa ba ne, duk wanda ya yi fama da Alfiyya zai shaida. In da wahalar harshe ake aunawa, da ba a ba shi rabin maki ba.

Akwai kuma masu cewa tun da haka ne, a bar wa Turawa kayansu. Nan ma tarihi bai goyi bayansu ba. Tun ƙarni na tara Hunainu ɗan Ishaƙ da almajiransa suke fassara likitanci da falsafar Girka zuwa Larabci a Bagadaza. Ilimin manɗiƙi da ake karantawa a zaurukanmu, ta Isaguji na Abhari da Sullam na Akhdari, tushensa Aristo ne. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na goma sha biyar, ya kare manɗiƙi a musayar baitoci da Suyuɗi, wanda ke ganin haramun ne. Wannan ya faru shekara ɗari huɗu kafin Lugga ya shigo. Sashen nazarin Girka da Rum na Ibadan, da aka buɗe tare da kwalejin a 1948, hanya ce ta biyu da wannan gado ya biyo zuwa Nijeriya. Abin da ya rage shi ne sassan Larabci na jami'o'in Arewa su horar da ɗalibai kaɗan a Girkanci, domin a riƙa karanta manɗiƙin zaure gefe da gefe da asalinsa.