Zanen 'yan mata da fentin mai a Turai da Amurka

Zanen 'yan mata da fentin mai wani reshe ne na zanen siffar mutum, inda mai zane yake fito da kamannin yarinya a kan ƙyalle ko allon katako. Fentin garin launi ne da ake kwaɓawa da man tsirrai mai bushewa a hankali, abin da ke ba mai zane damar gyara aikinsa na kwanaki. Ya yaɗu a Turai tun ƙarni na 15. Kafin a ƙirƙiro kyamara, wannan ce babbar hanyar adana fuskar yaro, kuma masu sarauta da masu dukiya ne suke iya biyan kuɗinsa. Shi ya sa yawancin zanukan suke nuna abin da manya ke so daga yarinyar fiye da halinta na kanta.

'Ya'yan sarakuna

Fitaccen misali shi ne Margarita Teresa, 'yar Sarki Philip na IV na Sifaniya. Diego Velázquez ya zana ta a tsakiyar Las Meninas a shekarar 1656, lokacin tana da kimanin shekara biyar, kuyangi suna kewaye da ita. Kalmar menina daga harshen Fotugal ta fito, ma'anarta yarinya, amma a fadar Sifaniya ana nufin 'ya'yan manya da ke yi wa gimbiya hidima. Zanen yana gidan tarihi na Prado a birnin Madrid.

Velázquez ya yi mata wasu zanuka da aka riƙa aikawa fadar Vienna, ciki har da na shuɗiyar riga na 1659. Manufar ita ce dangin da za ta aura su ga yadda take girma. Ta auri Sarki Leopold na I, wanda kawunta ne, a 1666, ta rasu a 1673 tana da shekara 21. A waɗannan zanuka rigar ta fi yarinyar cika ido: tsaye take ƙyam kamar babbar mace, ba wasa ba dariya.

Ƙarni na 18

Ra'ayin Turawa game da ƙuruciya ya sauya a wannan ƙarni, musamman bayan littafin Émile na Jean-Jacques Rousseau (1762), wanda ya ɗauki yarinta a matsayin mataki mai daraja a kan kansa. A Ingila, Joshua Reynolds ya zana yarinya zaune a fili babu takalmi, cikin farar riga maras ado.

Thomas Lawrence ya zana Sarah Barrett Moulton a 1794, zanen da aka fi sani da Pinkie. An haife ta a Jamaika, tana da shekara 11 a lokacin, kuma ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Zanen ya nuna ta a kan tudu iska tana kaɗa rigarta. Abin da bai nuna ba shi ne tushen dukiyar gidansu, wato gonakin rake da bayi 'yan asalin Afirka suke nomawa. Yanzu yana gidan tarihi na Huntington a jihar California. Su kuwa yara baƙaƙe, idan sun fito a zanen wancan zamani, galibi a gefe suke a matsayin bayi ko barori. A zanen da Pierre Mignard ya yi wa Louise de Kéroualle a 1682 akwai wata ƙaramar baƙar yarinya riƙe da murjani da kwanson teku cike da lu'ulu'u, kuma ba a rubuta sunanta ba.

Amurka da ƙarshen ƙarni na 19

A ƙauyukan arewa maso gabashin Amurka, masu zane na yawo gari gari suna yi wa iyalai aiki. Ammi Phillips na cikinsu, kuma an san shi da zanen yarinya mai jar riga tare da kyanwa da kare, na shekarun 1830.

Babban sauyi ya zo ne daga Amurkawa biyu mazauna Paris. A 1878 Mary Cassatt ta zana yarinya kishingiɗe a shuɗiyar kujera, ƙafafu a baje, hannu a bayan ƙeya, da alamar gundura a fuskarta. Edgar Degas ya taimaka mata a ɓangaren bayan zanen. Alƙalan sashen Amurka na baje kolin duniya na Paris a wannan shekara sun ƙi karɓarsa. A yau yana babban gidan zane na ƙasa da ke Washington, kuma da wuya a samu zanen da ya fi shi kama yadda yaro ke zama idan ya manta ana kallonsa.

John Singer Sargent ya zana 'ya'yan Edward Darley Boit su huɗu a 1882, a gidansu na Paris. Ƙaramar, Julia, mai shekara huɗu, tana zaune a kan darduma da 'yar tsana. Mary Louisa tana tsaye ita kaɗai a hagu. Manyan biyu, Florence da Jane, suna can cikin duhun ƙofa kusa da wata doguwar tulun tangaran ta Japan, har fuskar ɗaya ba ta fito sosai ba. Masu suka na lokacin sun yi mamakin zanen iyali da ya bar fili mai yawa babu kowa, ya kuma ɓoye wasu daga cikin waɗanda aka biya don a zana. Sargent ya yi nazarin Velázquez a Madrid, kuma tasirin Las Meninas a fili yake a aikin. 'Yan matan sun ba gidan tarihin zane na Boston shi a 1919, inda aka ajiye tulunan na gaske a gefensa. A 2010 an kai shi aro Prado, aka rataye shi a ɗaki guda da Las Meninas.