Jaririn Da Bai Yi Kuka Ba

'Yan uwana mata, idan mace ta haihu ɗan bai zo da rai ba, mukan ce ta yi haƙuri, in ruwa ya zube ya bar tulu ai da sauƙi. To bari in ba ku tarihin wata haihuwa da ruwan ya zube, tulun ma ya fashe.

A Ingila aka yi abin, a 1817. Gimbiya Shalot, mai shekara 21, ita kaɗai ce jikar Sarki Joji na Uku ta hanyar aure, ita ake jira ta gaji sarauta bayan mahaifinta. Tun tana da ciki likitanta Richard Croft ya rage mata abinci, yana kuma ɗibar mata jini, wai magani ke nan a ilimin lokacin. Naƙuda ta zo, ta yi wajen awa 50 tana fama. Kwana biyu fa cur, ke da kika san zafin abin! Akwai ƙarfen da likitoci ke jawo jariri da shi, bai sa ba. Daren 5 ga Nuwamba ta haifi ƙaton ɗa namiji, babu rai. Kafin gari ya waye ita ma ta cika.

Aka rufe kantuna mako biyu, aka rufe kotuna da tashar jiragen ruwa. Baƙin yadi ya ƙare a kasuwa, don shi ne tufar makokinsu. Masu sana'ar kayan ado kuwa sai da suka roƙi hukuma ta rage kwanakin makoki, kada jarinsu ya karye. Likitan nan, da surutun mutane da damuwa suka ishe shi, ya harbe kansa bayan wata uku. Ni dai har shi ina tausaya wa.

Da gidan sarauta ya rasa magaji, sai ƙannen mahaifinta, duk sun manyanta, suka shiga rige-rigen aure. Ɗayansu ya haifi Biktoriya a 1819, wadda da sunanta Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja a 1900.

Shi kuwa jaririn, a wajen ƙafafun uwarsa aka binne shi, ko suna ba a raɗa masa ba.