Cutar Tabon Jijiya da Rashin Barci a Tsibirin Aislan

Aislan tsibiri ne a can arewacin Tekun Atlantika, mutanensa ba su cika dubu 400 ba, amma sun yi suna wajen adana tarihin zuriya da na marasa lafiya. Saboda haka masana suka daɗe suna sa musu ido game da cutar nan da likitoci ke taƙaita sunanta M.S., watau cutar tabon jijiya. A cikinta garkuwar jiki ce ke juyawa ta riƙa cin rigar kitsen da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, sai tabo ya maye gurbin, saƙo ya kasa wucewa sosai.

Likitan Faransa Charcot ne ya fayyace kamanninta a 1868. Duk da haka akwai masu hangen alamunta tun cikin labaran karamomin Thorlak, bishop na Skalholt wanda ya rasu a 1193, inda aka ambaci matan da gani ko ƙarfin gaɓoɓi ya ɗauke musu, daga baya ya komo. Wannan dai hasashe ne, domin marubutan karamomi ba duba marasa lafiya suke yi ba.

Babbar gardama ta taso ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sojan Ingila sun sauka Aislan a watan Mayu na 1940, na Amurka suka biyo baya a 1941. Wani likitan Amurka, John Kurtzke, da abokan aikinsa suka bayyana a 1982 cewa cutar ta yi tashin annoba bayan yaƙin, kamar yadda ya ce ta yi a tsibiran Faro, wai baƙin ne suka shigo da wata ƙwaya. A 1994 Benedikz da 'yan'uwansa likitocin ƙasar suka musa, suka ce ƙwararru ne suka ƙaru, ganewa ta inganta. Hujjarsu ta fi kama hankali. Sai dai duk tsawon wannan ja-in-ja ƙidayar kawuna ake yi, ba a cika tambayar yadda majinyaci ya kwana ba.

Alhali kuwa dare a Aislan ba irin na ko'ina ba ne. A Rekyabik hasken rana bai wuce sa'a 4 da 'yan mintoci ba a ƙarshen Disamba, a Yuni kuwa yakan kai sa'a 21. Daɗin daɗawa, a 1968, shekarar da aka kafa ƙungiyar masu wannan cuta, hukuma ta tsai da agogon ƙasar a kan lokacin Girinwic, har ya zama rana ba ta kaiwa tsaka sai wajen ƙarfe 1:30. An sha kukan cewa wannan na hana mutane kwanciya da wuri, amma a 2020 gwamnati ta bar agogon yadda yake.

To, a kan wannan ne cutar ke ɗora nata nauyin: yawan tashi fitsari domin mafitsara ta daina biyayya, raɗaɗi, ɗaurewar tsoka, jin zafin jiki, da ƙafafun da ba su natsuwa sai an motsa su. Wannan larura ta ƙafa ma a Aislan ɗin ne kamfanin deCODE ya gano wani ƙwayar gado mai alaƙa da ita a 2007. Sai a 2019 mujallar likitocin ƙasar ta buga binciken da ya tambayi majinyatan kansu, aka tarar kimanin kashi biyu cikin uku ba sa samun barci mai daɗi. Gajiyar da a da akan jingina wa cutar kacokan, ashe wani rabonta daga daren take fitowa, kuma da yawa daga abubuwan da ke ta da su suna da magani.