Halin Zuciya da Raunin Tsufa ga Majinyata Masu Cutar da Ta Daɗe: Nazari a Gundumomin Aguié, Gazawa da Gidan Rumji, Jihar Maraɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dangantakar damuwa da raunin tsufa ga dattawan da ake kwantarwa a asibiti saboda hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya ko tarin fuka. An bi hanyar bitar ayyukan masana, aka auna su da yanayin rayuwa a gundumomi uku na jihar Maraɗi. Nazarin ya nuna cewa damuwa da raunin jiki suna ciyar da juna, don haka magance cutar kaɗai ba ya tayar da tsoho.

1.0 Gabatarwa

Waɗanda suka haura shekara 60 ba su kai kashi 5 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, kuma tsarin kula da lafiya kyauta na 2006 ya fi karkata ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki. Tsoho kuwa, kuɗin maganinsa na kan iyalinsa. Daga ƙauye yakan fara da cibiyar lafiya ta CSI, sannan asibitin gunduma, in abin ya ta'azzara a tura shi birnin Maraɗi. A duk waɗannan matakai, idan ya daina ci ko ya kasa tashi, amsar da aka saba ji ita ce "tsufa ne". Wannan amsa tana rufe abin da ake iya magancewa.

2.0 Ma'aunin Raunin Tsufa

Fried da abokan aikinta (2001), bayan nazarin Amurkawa fiye da 5,000 masu shekara 65 zuwa sama, sun kafa alamu biyar: ramewa ba da niyya ba, kasala, raunin damƙar hannu, tafiyar hawainiya da ƙarancin motsa jiki. Mai alamu uku ko fiye ya shiga rauni. Mai ɗaya ko biyu yana kan hanya. Tambayoyin kasala an ɗebo su ne daga ma'aunin damuwa na CES-D, wato halin zuciya yana cikin ma'aunin tun asali. Rockwood da abokansa (2005) a Kanada sun kawo ma'aunin da likita ke cikawa da abin da ya gani da abin da ya ji, ba tare da na'ura ba, wanda ya dace da asibitin karkara.

3.0 Tattaunawa

Soysal da abokan aikinta (2017) sun tattara bincike da dama, suka gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tsofaffi masu rauni suna da damuwa, haka kusan wannan adadi na masu damuwa suna da rauni. Hanyar a fili take. Mai damuwa ba ya jin daɗin abinci, ba ya barci, yana wasa da shan magani, yana yini a kwance. Kwanciya kuma tana cin tsoka: Kortebein da abokansa (2007) sun nuna cewa kwana goma a gado sun rage wa tsofaffi masu lafiya kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Da ƙafa ta gaza, mutum ya koma sai an ɗaga shi, sai zuciya ta ƙara karyewa.

Yanayin yankin yana ƙara wa wannan nauyi. Matasa suna tafiya cin rani Nijeriya, Libiya da Aljeriya, sukan bar tsoho ba mai jinya. Kwanciyar asibiti a damina tana janye ɗa ko suruka daga gona lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tsohon kuma yana lissafin awakin da aka sayar dominsa. A Gidan Rumji, tun 2019 an karɓi 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, cikinsu da dattawan da suka rasa gida, gona da dangi.

Kunya da haƙuri ma suna da tasiri. Dattijo ba zai bayyana baƙin cikinsa a gaban 'ya'yansa ko surukarsa ba. Abin da za a ji daga bakinsa shi ne "tunani ya yi mini yawa", "jikina ya mutu", ko "na zame wa yara nauyi". Wanda bai saurara da kyau ba zai rubuta maganin ƙarin jini ya sallame shi.

4.0 Shawarwari

Na farko, a auna rauni ranar da aka kwantar da duk wanda ya haura 60. Na biyu, a yi tambayoyi biyu na damuwa da ke cikin tsarin ICOPE na Hukumar Lafiya ta Duniya, da Hausa, bayan an keɓe majinyaci: "Baba, cikin makonni biyun nan zuciyarka tana yawan ɓaci?" "Inna, abin da kika saba jin daɗinsa ya fita ranki?" Na uku, a tayar da majinyaci ya taka kullum, a kula da abin da ya ci da gaske. Na huɗu, a horar da ma'aikatan CSI kan shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na mhGAP, domin bibiya ta ci gaba bayan sallama.

5.0 Kammalawa

Raunin tsufa a waɗannan gundumomi lamari ne na jiki, zuciya da tattalin gida a haɗe. Matakan da aka kawo ba sa buƙatar na'ura mai tsada. Suna buƙatar lokaci, horo da sauraro. Ya kamata hukumomin lafiya na gundumomin uku su sanya su cikin takardar karɓar majinyaci, su kuma riƙa tattara sakamakon domin tsara kulawar tsofaffi bisa hujja.