Femfigus mai rakiyar ƙari

Femfigus mai rakiyar ƙari cuta ce ta fata da baki wadda ba a cika samunta ba. Tana aukuwa ne idan garkuwar jiki ta juya wa fatar mutum baya, ta riƙa ƙera sinadaran kariya da ake kira antibodi, suna kai wa furotin ɗin da ke haɗa ƙwayoyin fata hari. Ana kiranta da wannan suna ne saboda kusan kullum tana zuwa tare da wani ƙari a cikin jiki, na daji ko wanda ba na daji ba. Likita Grant Anhalt da abokan aikinsa ne suka fara bayyana ta a Amurka a shekarar 1990. Ba a ɗaukarta daga wani mutum.

Yadda take faruwa

Ƙwayoyin saman fata suna manne da juna ta wasu ƙananan maɗaurai na furotin. A sauran nau'o'in femfigus, garkuwar jiki takan auka wa furotin ɗaya ko biyu ne kawai, wato desmoglin 1 da desmoglin 3. A wannan cuta kuwa harin yana shafar furotin da dama a lokaci guda. Ban da desmoglin, akwai dangin plakin, waɗanda suka haɗa da desmoplakin, enboplakin, periplakin, plektin da BP230. Wasu fararen ƙwayoyin jini ma suna shiga cikin ɓarnar kai tsaye. Wannan ne ya sa cutar take da kamanni iri-iri, kuma take da wuyar jin magani.

Cututtukan da take rakiya

A wurin manya, an fi samunta tare da sankarar kaluluwa, wato limfoma, da wani nau'in sankarar jini mai tafiya a hankali. Akwai kuma cutar Castleman, da ƙarin taimus da ke bayan ƙashin ƙirji, da sarkoma. A wurin yara da matasa, cutar Castleman ce ta fi yawa. Wani lokaci ciwon baki da na fata ne ke fara bayyana tun kafin a san akwai ƙari.

Alamomi

Babbar alamarta ita ce miki mai zafi a baki wanda ba ya warkewa. Yakan cinye harshe, dasashi da cikin kumatu, leɓɓa su tsage su yi ɓawon jini, har ci da sha su gagara. Idanu, hanci, maƙogwaro da al'aura ma sukan kamu. A fata, wasu marasa lafiya suna yin bororo mai saurin fashewa, wasu bororo mai tauri, wasu kuma ƙuraje masu ƙaiƙayi.

Cutar tana iya shiga huhu ta toshe ƙananan hanyoyin iska, mara lafiya ya riƙa tari da haki. Irin wannan lahani ba ya gyaruwa. Saboda yadda take taɓa gaɓoɓi da yawa, a 2001 wasu masana suka ba da shawarar a ɗauke ta a matsayin cutar jiki gaba ɗaya, ba ta fata kaɗai ba.

Ganowa

Likita yakan yanki ɗan guntun fata a duba shi da madubin likita, a kuma gwada jini don gano antibodin. Wani sanannen gwaji shi ne ɗora ruwan jinin mara lafiya a kan fatar cikin mafitsarar ɓera. Wurin yana ɗauke da plakin amma babu desmoglin 1 da 3, don haka idan antibodi suka kama, alama ce ta wannan cuta ba femfigus na yau da kullum ba. Daga nan sai a ɗauki hoton ƙirji da ciki don neman ƙarin.

Magani

Matakin farko shi ne magance ƙarin. Idan ba na daji ba ne, kamar cutar Castleman da ta tsaya wuri guda, cire shi ta tiyata yakan kawo sauƙi sosai cikin watanni. Ana kuma ba da magungunan rage ƙarfin garkuwar jiki, irin su prednisolone, cyclosporine da rituximab. Fata takan fi saurin jin magani fiye da baki. Idan cutar ta haɗu da sankara, hatsarin mutuwa yana da yawa, kuma galibi ƙwayoyin cuta da ke shiga jini, gazawar huhu ko ita kanta sankarar ce ke jawo shi.