Majami'ar Murjani ta Rikitea da Hannayen da Suka Gina Ta

Rubutunmu na yau zai kai mu can tsakiyar Tekun Fasifik, wani tsibiri da ake kira Mangareva, wanda ke nesa da Tahiti da kimanin kilomita 1,600 ta kudu maso gabas. Shi ne mafi girma a cikin tsibiran Gambier da ke ƙarƙashin Faransa, amma duk girman nasa mai ƙwarin ƙafa zai iya zagaye shi a yini ɗaya. A babban ƙauyensa, Rikitea, akwai wata majami'ar Katolika mai ɗauke da sunan Mala'ika Mika'ilu. Tsawonta mita 48, faɗinta mita 18, tana ɗaukar mutum 1,200 a zaune. Idan muka tuna cewa duka mutanen tsibiran a yau kimanin dubu ɗaya da ɗari biyar ne kawai, dole mu tsaya mu yi tambaya: wa aka gina wa wannan ƙaton gini, kuma su wa suka ɗauko duwatsunsa?

Bari mu ɗan koma baya. A 1797 wani kyaftin ɗin Ingila, James Wilson, ya hango tsibiran daga jirginsa mai suna Duff, wanda ke ɗauke da 'yan mishan na Furotesta. Bai ko sauka ba, amma ya raɗa musu sunan wani babban hafsan sojan ruwa na ƙasarsu, Gambier, ya kuma sa wa dutsen da ya fi tsawo sunan jirginsa. Mutanen wurin kuwa sun daɗe da nasu sunayen. Suna da sarki, suna da manyan bokayen gargajiya, suna da gumakan katako da dandalan bauta da suka shimfiɗa da falalen murjani. Gidajensu na itace ne da jinka, abincinsu kifi da 'ya'yan wata bishiya da suke binnewa a rami har su yi tsami.

A watan Agusta na 1834 wasu limaman Katolika biyu Faransawa, Fada Honoré Laval da Fada François Caret, suka sauka a ƙaramin tsibirin Akamaru tare da wani mai koyar da addini ɗan Ailan, Columba Murphy. Daga tashar Valparaiso ta ƙasar Chile suka taso, kuma 'yan ƙungiyar nan ne da aka fi sani da Picpus, sunan titin da gidansu yake a Paris. Laval a lokacin saurayi ne ɗan shekara 26. Shekara ɗaya bayan haka Bishop Étienne Rouchouze ya iso, wanda Fafaroma ya ɗora wa alhakin dukan gabashin wannan teku mai faɗi.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Matua, babban bokan tsibirin kuma baffan sarki, ya bi sabon addini. Sarki Maputeoa ya ɗan ja da baya, amma a 1836 aka yi masa baftisma, ya ɗauki suna Gregorio don girmama Fafaroman zamanin. Aka ƙone yawancin gumakan, aka aika da kaɗan Turai a matsayin shaidar nasara. Har yau gunkin Tu yana gidan tarihi na Batikan, na Rao kuma yana Paris. Cikin 'yan shekaru kusan kowa a tsibiran ya zama Kirista. A 1838 aka kwaso mutanen wani tsibiri na kusa, Temoe, aka dawo da su Mangareva.

To a nan ne maganar gini ta taso. Tunda bishop yana zaune a Gambier, sai a yi masa majami'ar da ta dace da kujerarsa. Ita wannan kujera ce ke sa a kira coci katidiral, domin kalmar daga sunan kujera ta samo asali. An aza tubalin farko ranar 17 ga Janairu, 1839. Masu jan ragamar aikin wasu ma'aikatan mishan ne biyu da ba limamai ba, Gilbert Soulié da Fabien Costes, waɗanda suka taso daga gida da sana'ar hannu. Su suka koyar da samarin tsibirin sassaƙar dutse, da aza shi, da aikin kafinta.

Yanzu mu duba yadda ake gini irin wannan a inda babu siminti, babu doki ko jaki, babu amalanke. Tsibiran Gambier suna zaune ne a cikin wani tafkin teku da shingen murjani ya kewaye. Daga wannan shinge da ƙananan tsibiran da ke kansa ake yanko manyan duwatsun murjani, a ɗora su a kan ɗaurarrun itatuwa, a tura su bisa ruwa har bakin gaɓar Rikitea, sannan a ja su da igiya da ƙarfin ƙirji zuwa wurin gini. Abin haɗa duwatsun ma daga murjanin yake fitowa. Ana tara shi a murhu, a yi ta zuba masa itace har ya ƙone ya zama farar toka, a jiƙa ta da ruwa, a cakuɗa da yashi. Da ita ake ɗaure dutse da dutse, da ita kuma ake shafe bango ya yi fari fat. Kowane murhu yana cin itace mai yawa, a tsibirin da dama itace bai wadata ba. Wasu duwatsun kuma ba a je da nisa nemansu ba: falalen tsofaffin dandalan bauta aka ɓamɓare aka zuba a sababbin gine-gine. Shi ya sa da masani Kenneth Emory ya zo bincike a 1934, sai da ya tafi Temoe, inda babu kowa, kafin ya ga irin waɗannan dandali a tsaye.

A 1841 aka fara ibada a cikin majami'ar. Hasumiyoyi biyu masu kusurwa huɗu da ke gabanta an ƙara su ne a tsakanin 1847 da 1848. Daga waje ginin ba shi da wani ado mai yawa: farin bango mai kauri, ratsin shuɗi, ƙofa babba a tsakiya, bayansa kuma dutsen Duff ya yi masa rumfa. A ciki layi biyu na ginshiƙai ne suka raba zauren gida uku, tsakiya mai faɗi da gefe biyu, irin tsarin cocin karkarar Faransa da magina suka baro a gida. Amma idan mutum ya isa gaban bagadi, sai ya ga abin da babu shi a karkarar Faransa. An ƙawata shi da ƙumbar teku mai ƙyalli, wadda lu'ulu'u ke fitowa a cikinta, an yanka ta siffar furanni da ganyaye, an kuma jera lu'ulu'u a tsakani. Wannan ƙumba ita ce dukiyar Mangareva. Masu nutso na tsibirin ne suka ciro ta daga ƙasan tafki da numfashi ɗaya. Ke nan zanen ginin na Turai ne, amma dutsen da tokar da adon duk na tekun ne.

Wani abin tausayi shi ne, bishop ɗin da aka yi wa ginin bai more shi ba. Rouchouze ya tafi Faransa neman ƙarin ma'aikata, ya taso da su a jirgin Marie-Joseph, jirgin ya ɓace a teku a 1843 da shi da duk wanda ke ciki. Fada Caret ya rasu a 1844, aka binne shi a cikin majami'ar. Bishop Tepano Jaussen, da ya zo daga baya, a Tahiti ya zauna. Sai Rikitea ta tashi da katidiral mai suna kawai, kujerar ta koma wani wuri, ragamar tsibiran kuma ta rage a hannun Laval.

Shi kuwa bai tsaya a gini ɗaya ba. An gina coci a Aukena, da Akamaru, da Taravai. An gina gidan mata masu zaman ibada a Rouru, makarantar samari a Aukena, fadar sarki, masaƙar auduga, hasumiyoyin tsaro, har da kurkuku. Jimillar gine-ginen dutse ta haura ɗari. Maginan Mangareva suka yi suna, har a 1856 aka ɗebi kimanin sittin daga cikinsu zuwa Tahiti don aikin katidiral ɗin Papeete. Tare da gine-ginen kuma aka kafa dokoki masu tsauri a kan sutura, da aure, da fita daga tsibiri, da ciniki da baƙi.

A nan labarin ya rabu biyu. Lokacin da 'yan mishan suka zo, mutanen tsibiran sun haura dubu biyu. Zuwa 1887 ba su kai ɗari biyar ba. Majami'ar da aka gina wa mutum 1,200 ta wayi gari ko an tattaro kowa da kowa, da jarirai da tsofaffi, ba za a cika rabinta ba. Masu sukar Laval suka ce aikin dutse ne ya cinye mutane: an raba su da gona da su, an sa su ɗaukar kaya shekara da shekaru, an karya musu al'ada har rayuwa ta fita daga ransu. Masu kare shi suka ce cututtukan da jiragen baƙi suka kawo ne, musamman tarin fuka, kuma irin wannan mutuwa ta faɗa wa wasu tsibiran Fasifik da ba a aza dutse ko ɗaya ba a cikinsu. Suka ƙara da cewa dokokin nan masu tsauri su ne suka hana 'yan kasuwa shigo da barasa da wawushe ƙumba a banza, kuma a 1862, lokacin da jiragen Peru ke satar mutane daga tsibirai suna kai su bauta, Mangareva ta tsira.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma ya kamata mu san su wane ne suka fara kai ƙarar. 'Yan kasuwar ƙumba Faransawa ne da dokokin mishan suka tsaya wa a wuya, sai jami'an mulkin mallaka na Tahiti, irin su Émile de la Roncière, waɗanda ba su so a ce akwai wata 'yar ƙasa da limami ke juyawa a ƙarƙashin tutar Faransa. Rikicin wani ɗan kasuwa mai suna Pignon ya sa aka ci tarar gwamnatin Mangareva kuɗi masu nauyi, a lokacin da matar marigayi Sarki Maputeoa, Maria Eutokia, ke riƙon sarauta. A 1871 Bishop Jaussen ya janye Laval zuwa Tahiti don a samu lafiya da hukuma, bayan shekara 37 a tsibiran. Ya rasu a Papeete a 1880. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa Faransa ta haɗiye Gambier gaba ɗaya. Don haka masu ƙarar suna da tasu buƙata. Amma buƙatar mai ƙara ba ta wanke wanda ake ƙara. Ko da cuta ce ta kashe mafi yawa, gaskiya ne cewa an ci gaba da yanko dutse a shekarun da ake ta haƙa kaburbura.

Wani abin da ke ƙara ɗaure kai shi ne, mutumin da ya sa aka ƙone gumakan shi ne kuma ya adana labarinsu. Laval ya koyi harshen Mangareva sosai, ya sa dattawa suka ba da tarihin sarakuna da salsala da al'adun da, aka rubuta. Littafinsa a kan tsohon tarihin mutanen an buga shi a 1938, na zamanin mishan kuma a 1968, duka bayan mutuwarsa da daɗewa. Masanin nan ɗan ƙabilar Maori, Te Rangi Hiroa, wanda ya je tsibirin a 1934, ya dogara ƙwarai da waɗannan rubuce-rubuce. Yau duk mai son sanin Mangareva ta dā, ko mai son yi wa Laval shari'a, sai ya bi ta alƙalamin Laval ɗin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle dutsen murjani. Amma idan muka karanta tarihin ginin nan kamar yadda aka saba ba da shi, sunayen da ke fitowa su ne Laval, Caret, Rouchouze, Soulié, Costes, sai sarki da baffansa. Waɗanda suka tsaya cikin ruwa suna sarar murjani, da masu hura murhu, da masu nutso, sukan zo ne a matsayin adadi: ma'aikata kaza, mutum sittin, jama'ar gari. 'Yan mishan sun bar wasiƙu da littattafai, 'yan kasuwa sun bar takardun ƙara, jami'ai sun bar rahoto. Maginan kuwa bangon ne rubutunsu.

Jikokinsu ba su yar da ginin ba. Da damshi da iskar gishiri suka ci ƙarfinsa har aka rufe shi don gudun haɗari, an yi masa gyara na shekaru, aka sake buɗe shi a watan Disamba na 2011 da gagarumin biki. Yawancin mutanen Mangareva har yanzu Katolika ne, kuma noman baƙin lu'ulu'u a tafkin nan shi ne babbar sana'arsu. A cikin majami'ar ake yi wa 'ya'yansu baftisma, a ciki ake ɗaura musu aure da yi wa mamatansu addu'a, a gaban bagadin da kakanninsu suka yi wa ado. Baƙo yakan zo ya kira ta majami'ar Laval. Mu dai bayan mun bi duwatsun daga shingen teku zuwa bango, mun fi ganin ta a matsayin majami'ar mutanen Mangareva, domin su suka biya kuɗinta da ƙarfinsu, wasu ma da rayukansu.