Bakan Maharba a Ƙasar Hausa

Baka da kibiya su ne makamin maharbi tun kafin bindiga ta shigo ƙasar Hausa. Bakan gajere ne, na itace guda ba haɗi, tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, alhali dogon bakan mayaƙan Ingila na da yakan kai tsayin mutum. Yanayin farautar ne ya sa aka gajarta shi. Maharbi yana sanɗa cikin sarƙaƙiya da dogayen ciyayi, sau da yawa a duƙe ko da rarrafe. Wasu ma kan ɗaura kan burtu na sassaƙe a goshi, su riƙa tafiya irin ta tsuntsun har su kusanci barewa ko gada ba ta ankara ba. A irin wannan hali dogon baka zai riƙa sarƙewa da rassa, kuma ba ya jawuwa daga tsugune.

Aikin yana farawa daga zaɓen itace. Ana neman mai tauri da danƙo, wanda zai tanƙwaru ya koma yadda yake, irin su dundu da dargaza, ko gora a wuraren da take tsirowa. Reshen ya kasance miƙaƙƙe, babu kulli a jikinsa, domin wurin kulli ne baka ke karyewa. Akan ɓare ɓawon, a ajiye sandan a inuwa ya bushe a hankali, don zafin rana yakan tsattsaga shi. Idan ya bushe sai a fere shi da gizago, a kankare da wuƙa, a bar tsakiya da kauri inda hannu zai riƙe, a sirantar da shi zuwa ƙarshensa biyu. Gwanintar mai yi tana bayyana a nan, domin tilas ɓangaren sama da na ƙasa su tanƙwaru daidai da juna. Gajeren baka ba ya yafe kuskure: itacen kaɗan ne, nauyin ja kuma duk a kansa yake, saboda haka wurin da aka ƙware da fira nan zai fara tsagewa. Daga nan sai a shafa masa man kaɗanya ko man shanu, a ɗumama shi a bakin wuta, a lanƙwasa a hankali har ya karɓi siffa. Wasu sukan naɗe sassansa da fata don ƙarin ƙarfi. Tsarkiya kuwa daga fatar dabba ake yanko ta, a jiƙa, a murɗe, a miƙar da ita ta bushe, sannan a ɗaure a ƙarshen bakan biyu.

Kibiya aikin mutum biyu ce. Maƙeri ke ƙera kan ƙarfen, ya fitar masa da kunnuwa yadda in ya shiga nama ba zai zaru ba. Ƙira tsohuwar sana'a ce a yankin, an kuma gano alamun narka tama a Dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na 7. Maharbi shi ke yanko kyauro, ya soka kan ƙarfen a ciki, ya ɗaure bakin da jijiya. Ba a sa wa kibiyar gashin tsuntsu a gindi kamar yadda ake yi a Turai da Asiya, don ba a nufin ta yi nisa. Kibau suna zama cikin kwari na fata ko na gora, a rataye a kafaɗa.

Abin da ya ba wannan ƙaramin makami ikon kayar da gwanki ko ɓauna shi ne dafi. Tushensa 'ya'yan kwankwani ne, waɗanda ake dakawa a dafa har su yi kauri su yi baƙi, a ƙara masu wasu abubuwa irin su ruwan tinya, sannan a shafe kan kibiya. Dafin yana kama zuciya, don haka ko rauni kaɗan ya isa. Dabbar takan ruga, maharbi ya bi sawunta da hanzari domin ya yanka ta kafin rai ya fita, sa'an nan ya yanke naman da ke kewayen raunin ya yar. Haɗin dafi da makarinsa sirri ne na gida, uba ke koya wa ɗa, kuma shugaban masu sana'ar a gari shi ne Sarkin Baka.

Wannan bakan dai shi ya shiga fagen fama. Sarakunan Hausa sun dogara da barade masu lifidi da sulke, amma yawancin dakarun ƙasa 'yan baka ne. A yaƙin Tabkin Kwatto na shekarar 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, kuma da baka suka karya rundunar dawakin Sarkin Gobir Yunfa. A 1899 mayaƙan Sarauniyar Lugu, cikin Nijar ta yau, sun tari ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine da kibau masu dafi. Haka aka yi da sojan Ingila a Burmi a 1903, sai dai a can bindigogi masu aman wuta sun nuna iyakar tazarar da kibiya ke iya ci.

Bayan kafuwar mulkin mallaka baka ya koma daji, a can ma ya riƙa ja da baya. Bindigar toka, wadda maƙeran gida suka ƙware wajen ƙerawa, ta fi shi nisa da sauƙin koyo. Dokokin kare namun daji sun taƙaita hanyoyin farauta, aka kuma keɓe gandun daji irin na Yankari a 1956. Gonaki suka cinye dazuzzuka, manyan namun daji suka yi ƙaranci, itatuwan da ake sarowa suka yi nisa da gari. A yau ana samun baka a hannun tsofaffin maharba na karkara da wasu makiyaya, da cikin ayarin 'yan baka a hawan Sallah, da kuma gidajen adana kayan tarihi. Masu iya zaɓen itacen, su fere shi, su murɗa tsarkiya, su haɗa dafi da makarinsa suna raguwa, kuma mafi yawan wannan ilimi a baki yake, ba a rubuce ba.